Kurakuran da aka fi yi wajen binciken alaƙar mutane a kafafen sada zumunta, da yadda ake gyara su

Mai binciken alaƙar jama'a da abu biyu yake aiki: ɗigo da layi. Ɗigo mutum ne, ko shafi, ko ƙungiya. Layi kuma shi ne alaƙar da ke tsakanin ɗigo biyu. Idan suka taru sai su ba da raga. Tun shekarun 1930, da Jacob Moreno ya fara zana irin wannan raga ta 'yan makaranta, ginshiƙin aikin bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne arhar bayanai. Yau ɗalibi zai sauke layi miliyan guda a yini ɗaya, ya zuba su cikin Gephi, manhajar zana raga, ya fito da hoto mai launuka kamar ya gama aiki. Amma yawancin binciken da ke lalacewa tun kafin a buɗe manhaja yake lalacewa, domin ba a tsaya an tantance me layin yake nufi ba, ba a kuma tambayi wa aka bari a waje ba.

Haɗa alaƙoƙi iri-iri a layi ɗaya

Bin shafin mutum daban, ambaton sunansa daban, amsa masa daban, sake yaɗa saƙonsa daban. Wanda ya tara su duka ya kira su "mu'amala" ya riga ya shafe abin da ya fito nema. Wani bincike na 2011 da Michael Conover da abokan aikinsa suka yi a kan saƙonnin Twitter sama da 250,000, gab da zaɓen 'yan majalisar Amurka na 2010, ya nuna haka ƙarara. Da suka zana ragar sake yaɗa saƙo, sai ta rabu gida biyu, masu ra'ayin sauyi a gefe, masu ra'ayin riƙau a gefe. Da suka zana ragar ambaton suna daga bayanan nan dai, rabuwar ba ta fito haka ba, saboda mutane suna ambaton abokan hamayyarsu, galibi don gardama. Da sun cakuɗa biyun, da ba su ga ko ɗaya ba.

Gyaran ba wuya. Kafin ka taɓa bayanai, rubuta jimla ɗaya da ke fayyace layinka, misali: akwai layi daga A zuwa B idan A ya amsa saƙon B aƙalla sau uku cikin kwana 30. Kowace irin alaƙa ka gina mata ragarta. Kada ka share alkibla: wanda ke bin shafin shugaban ƙasa ba abokin shugaban ƙasa ba ne. Sannan wannan "sau uku" da ka zaɓa ra'ayinka ne kawai, don haka ka sake lissafin da sau ɗaya, sau biyar, sau goma. Idan sakamakon ya kife da zarar ka matsa lambar, to lambar ce ta haife shi, ba jama'a ba.

Akwai kuma lokaci, wanda mutane ke mantawa da shi fiye da komai. Ka ce A ya yi magana da B a watan Maris, B kuma ya yi magana da C a watan Janairu, ba su sake ba. A hoton da ya tattara shekara guda za ka ga hanya daga A zuwa C ta kan B. Amma labarin da A ya faɗa a Maris ba zai koma baya ya isa wurin C a Janairu ba. Hanyar ta takarda ce. Duk wanda ke nazarin yaɗuwar labari ko jita-jita, dole kowane layi ya zo da kwanan watansa, a kuma yanka bayanan mako-mako ko wata-wata maimakon a dunƙule su.

Inda aka ja iyaka

Raga ba ta zuwa da iyakarta. Mai bincike ne ke yanke ta, kuma Laumann da Marsden da Prensky sun yi gargaɗi a kan wannan tun 1983. A intanet kuskuren ya fi fitowa ne ta hanyar maudu'i mai alamar #. Mutum zai tattara duk saƙonnin da suka ɗauki wani maudu'in zanga-zanga, ya ƙidaya, ya ce jama'a sun goyi baya. To ai waɗanda suka yi amfani da maudu'in galibi magoya baya ne. Masu adawa suna da nasu, ko ba su sa ko ɗaya ba. An zaɓi mutane ne bisa abin da ake son aunawa. Zeynep Tufekci ta nuna wani ɓangaren matsalar a 2014: a zanga-zangar Gezi ta Turkiyya, amfani da maudu'in ya ragu alhali maganar tana nan daram, don kowa ya riga ya san abin da ake magana a kai, ba wanda ke buƙatar lakabi kuma. Mai kallon jadawali kaɗai zai ce wutar ta mutu.

Abin da ya fi shi ne ka fara da mutane maimakon kalmomi. Zaɓi rukunin shafuka ta hanyar da ba ta da alaƙa da batun, ka bi duk abin da suka wallafa na tsawon lokaci, sannan ka ga nawa ne suka shiga maganar da nawa suka yi shiru. Idan ba makawa sai da kalmomi, yi jerin da ya haɗa kalmomin kowane ɓangare, har da rubutun da aka saba kuskurewa da gajerce-gajerce, ka ɗebi saƙo 200 ba tare da zaɓe ba ka karanta da idonka, ka ga kashi nawa ne da gaske suke kan batun.

Hanyar da ake fara da mutum kaɗan, a bi abokansu, a bi abokan abokansu, ita ma tana da tarko. Scott Feld ya nuna a 1991 cewa a matsakaicin lissafi abokanka sun fi ka yawan abokai. Dalilin kuwa a fili yake: mai abokai ɗari yana cikin jerin mutum ɗari, mai aboki ɗaya yana cikin jeri ɗaya tak. Duk samfurin da aka tara ta bin layi zai cika da masu farin jini, kaɗaitattu kuma ba za su taɓa shigowa ba. Ƙari a kan haka, waɗanda aka fara da su za su bayyana a tsakiyar raga don kawai daga kansu aka fara. Kada ka kawo rahoton cewa su ne jiga-jigai.

Hatta shahararren gwajin nan na Stanley Milgram bai tsira ba. A wanda ya yi tare da Jeffrey Travers, aka wallafa a 1969, an bai wa mutum 296 a Nebraska da Boston saƙo su isar wa wani mutum a yankin Boston ta hannun sanayya. Guda 64 ne suka isa, kuma daga waɗannan aka fitar da matsakaicin mutum biyar da ɗoriya a tsakani. Doguwar sarƙa ta fi saurin tsinkewa. Idan a kowane mataki kashi 75 cikin 100 ne ke miƙa saƙon gaba, sarƙa mai mataki biyar tana da damar isa kusan kashi 24, mai mataki goma kuwa ba ta kai kashi 6 ba. Wanda ya auna waɗanda suka isa kaɗai, gajeru ya auna.

Tambayar mutane su wa suka sani

Ba kowane bincike ne ke dogara da bayanan kafa ba. Da yawa har yanzu takardar tambaya ake rabawa. A binciken jin ra'ayi na yau da kullum, idan kashi 80 cikin 100 suka amsa sai a yi murna. A binciken raga lissafin daban ne, domin layi mutum biyu yake buƙata. Kashi 80 sau kashi 80 ya ba da kashi 64: nan ne kaɗai ɓangarorin biyu suka yi magana. Idan kashi 70 suka amsa, ka sauko ƙasa da rabi. Kuma wanda bai amsa ba yana iya zama shi ne gadar da ta haɗa sassa biyu na ma'aikata, rashinsa ya sa ka rubuta cewa sassan ba sa magana da juna. Ka gwada ƙarfin sakamakonka: cire kashi 10 na ɗigogin ba tare da zaɓe ba, sake lissafi, maimaita sau 500, sannan ka yi da kashi 20. Idan mutum goman da suke kan gaba suna sauyawa a kowane zagaye, kada ka gina hujja a kansu.

Ƙwaƙwalwar mutane ma ba rajista ba ce. Bernard da Killworth da Sailer sun yi jerin bincike a shekarun 1970 da farkon 1980 inda suka kwatanta wanda mutum ya ce ya yi magana da shi da wanda aka ga ya yi magana da shi a zahiri, suka tarar kusan rabin abin da ake faɗa bai dace da abin da ya faru ba. Mutane sun fi iya faɗin wanda suka saba hulɗa da shi fiye da wanda suka gani ranar Talata. Saboda haka ka tambayi abin da aka saba yi. In rukunin ƙarami ne, kamar aji ko ofis, ba su cikakken jerin sunaye su yi alama, kada ka bar su su tuno da ka. Ka kuma guji cewa "faɗi abokanka uku". Mai abokai tara ka yanke masa shida, mai aboki ɗaya kuma ka tilasta masa ƙirƙiro biyu.

Wani misali ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Babban binciken zamantakewa na Amurka, GSS, ya tambayi mutane su wa suke tattauna muhimman al'amura da su. A 1985 matsakaicin amsa mutum 2.94 ne, a 2004 ya sauko 2.08, waɗanda suka ce ba su da kowa kuma suka tashi daga kusan kashi 10 zuwa kusan kashi 25. Jaridu suka ɗauka cewa kaɗaici ya cinye Amurkawa. Claude Fischer ya nuna shakku a 2009, sannan a 2013 Paik da Sanchagrin suka gano cewa amsoshin "ba kowa" sun taru ne a hannun wasu 'yan tsirarun masu yin tambayar. Ba abin mamaki ba ne: kowane suna da aka ambata yana jawo ƙarin tambayoyi a kansa, mai tambaya da mai amsa duk sun gaji, "ba kowa" ita ce hanya mafi kusa. Maganin shi ne ka sa tambayar sunaye a farkon takarda, ka karɓi sunayen duka kafin ka fara tambaya a kan kowannensu, ka kuma rubuta lambar mai tambaya a jikin kowace takarda don ka iya kwatanta matsakaicin kowa.

Ɗaukar kafa a matsayin al'umma

Cibiyar Pew ta ba da rahoto a 2019 cewa kashi 10 cikin 100 na manyan Amurkawa masu amfani da Twitter su ke rubuta kashi 80 na saƙonnin, yayin da mutumin da ke tsakiyar jeri sau biyu kawai yake rubutu a wata. Binciken Grinberg da abokan aikinsa, shi ma na 2019, ya tarar cewa a zaɓen 2016 kashi 0.1 na mutanen da suka bibiya su suka yaɗa kusan kashi 80 na abin da ya fito daga shafukan labaran ƙarya. Ma'ana, wanda ya ƙidaya saƙonni ya ƙidaya bakin masu surutu ne. Ka ƙidaya mutane. Ka kawo lambar tsakiyar jeri tare da matsakaici, domin mutum ɗaya mai mabiya miliyan biyar yana iya ɗaga matsakaicin dubban mutane. Ka kuma cire kashi 1 na saman jeri ka sake dubawa.

Bayanan da kamfani ya ba ka ma ba lallai su zama abin da ya ce ba. Morstatter da abokansa sun kwatanta ƙofar sauke bayanai kyauta ta Twitter, wadda ba ta wuce kashi 1 na saƙonni ba, da cikakken kwararon a 2013, suka ga manyan maudu'an da ke fitowa suna iya bambanta. A 2021 aka gano cewa wani babban kundin bayanai da Facebook ya bai wa masana ya tsallake kusan rabin masu amfani da shi a Amurka, kuma wani malamin jami'a a Italiya ne ya lura, da ya ga lambobin ba su dace da wani rahoton kamfanin ba. Darasin aiki a nan shi ne ka nemi wata lamba daga waje ka gwada taka da ita. Kuma ka adana ranar da ka sauke bayanai, da ainihin kalmomin da ka nema, da sigar manhajar. Twitter ya rufe ƙofar kyauta a 2023, Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya rufe manhajar bibiyar saƙonni ta CrowdTangle a Agustan 2024, saƙonni kuma kullum ana goge su. Abin da ka sauke yau ba lallai wani ya iya sake sauke shi ba.

Sai kuma hannun kafar kanta a cikin abin da kake aunawa. Johan Ugander da abokan aikinsa, da suka duba ragar Facebook a 2011, sun ga mutane sun yi cincirindo a kan abokai 20 daidai. Ba wata ɗabi'ar ɗan'adam ba ce. Kafar ce a lokacin take matsa wa masu ƙarancin abokai su ƙara har sai sun kai 20. Haka nan idan ka tarar abokin aboki yana yawan zama aboki, ka tuna akwai akwatin da ke nuna wa mutum waɗanda wataƙila ya sani, kuma daga abokan abokansa ake ciro su. Google Flu Trends, wanda a da yake hasashen mura daga abin da mutane ke nema a Google, ya zarce gaskiya a makonni 100 cikin 108 daga Agustan 2011, kuma cikin dalilan da masana suka kawo har da sauye-sauyen da aka yi wa injin neman kansa. Ka ajiye jerin ranakun da kafa ta sauya tsari, irin ranar da Twitter ya ƙara tsawon saƙo daga harafi 140 zuwa 280 a Nuwamban 2017. Duk tsallen da ka gani a jadawali, fara duba jerin nan kafin ka nemo masa bayanin zamantakewa.

Game da shafukan da manhaja ke sarrafawa, a taƙaice: na'urorin gano su suna yawan yi wa mutane na gaske ƙazafi, musamman masu rubutu da harshen da ba a horar da na'urar a kai ba. Kada ka rubuta "kashi kaza na bogi ne" sai ka buɗe aƙalla shafi 100 daga waɗanda aka zarga ka duba da kanka.

Tasiri ne ko dacewar hali?

Nan ne masana da kansu suka fi tuntuɓe. Ka tarar masu shan taba abokansu masu shan taba ne, masu wani ra'ayin siyasa abokansu masu irin ra'ayin ne. Bayani ɗaya shi ne zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ɗayan kuma, sai hali ya zo ɗaya ake abota. Akwai ma na uku da ake mantawa: dukansu biyun wuri ɗaya suke zaune, talla ɗaya suke gani, farashi ɗaya ya hau kansu, don haka suka sauya tare ba tare da ɗaya ya taɓa ɗaya ba. Hoton raga na rana ɗaya ba zai taɓa raba maka ukun nan ba, kome yawan bayananka.

A 2007 Nicholas Christakis da James Fowler suka wallafa nazarin mutum 12,067 daga binciken zuciya na Framingham, wanda aka bibiya shekara 32, suka ce idan abokinka ya yi ƙiba fiye da kima, damar kai ma ka yi ta ƙaru da kashi 57 cikin 100. Shekara guda bayan haka Cohen-Cole da Fletcher suka ɗauki hanyar lissafi irin wannan suka ɗora a kan bayanan matasan Amurka, sai ga shi ta nuna cewa ƙurajen fuska da ciwon kai, har da tsawo, duk suna "yaɗuwa" tsakanin abokai. Da suka sa yanayin da matasan ke ciki a lissafi, alamar ta dushe. A 2011 Shalizi da Thomas suka nuna ta hanyar lissafi cewa muddin akwai wani hali ɓoyayye da ke sa mutane abota kuma yake shafar ɗabi'ar da ake aunawa, bayanan kallo kawai ba za su raba tasiri da dacewar hali ba. Aral da Muchnik da Sundararajan kuma, a 2009, sun duba yaɗuwar wata manhajar waya tsakanin mutum miliyan 27 masu amfani da saƙon Yahoo, suka tarar fiye da rabin abin da ake gani kamar tasiri dacewar hali ce.

To me za a yi? Da farko, ka tattara bayanai aƙalla sau uku a lokuta daban-daban, kowane karo ka auna abota da ɗabi'a tare, don a ga wanne ya riga wanne. Manhajar RSiena, wadda aka gina bisa aikin Tom Snijders, don wannan aka yi ta: tana lissafa zaɓen aboki da sauyin ɗabi'a a lokaci guda. Na biyu, ka yi wa hanyarka irin gwajin da aka yi da tsawo. Zaɓi abin da ka tabbata ba ya yaɗuwa, ka ɗora lissafinka a kai. Idan ya ce yana yaɗuwa, lissafin ne ke da ciwo. Na uku, a intanet, tabbatar mutumin ya ga abin. Kasancewar B yana bin A ba ya nufin saƙon A ya taɓa bayyana a allon B. Na huɗu, ka gauraya lokutan: bar ragar yadda take, ka rarraba ranakun da mutane suka karɓi ɗabi'ar ba tare da tsari ba, ka ga ko alamar "aboki ya riga, shi ya biyo" tana nan. Idan tana nan bayan gaurayawa, ba bin sahu ba ne.

Hanya mafi ƙarfi ita ce gwaji da ƙuri'a. A ranar zaɓen Amurka na Nuwamban 2010, an yi gwaji a kan mutum miliyan 61 a Facebook da saƙon tunatarwa. Mafi yawa sun gan shi da hotunan abokansu da suka ce sun yi zaɓe, wasu sun gan shi ba hotuna, wasu ba su ga komai ba. Da aka duba rajistar masu zaɓe, bambancin bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba, ko da yake masu binciken sun ƙiyasta ya kai ƙarin ƙuri'a 340,000 in an haɗa da tasirin da ya bi ta kan abokai, kuma kusan duk tasirin nan na abokai ta kan na kusa ya bi. Ka lura da ƙanƙantar lambar. Idan bincikenka na kallo kawai ya ba ka tasirin kashi 50, abin tuhuma ne, ba abin biki ba. Mai shirya gwaji kuma ya sani cewa idan wanda aka nuna wa saƙo abokin wanda ba a nuna wa ba ne, saƙon zai tsallaka. A jefa ƙuri'ar a kan rukuni-rukuni, kamar aji ko makaranta, maimakon mutum-mutum. In duk waɗannan sun gagara, rubuta cewa ka ga dangantaka, ka bar kalmar tasiri.

Lissafin da bai dace da raga ba

Idan aka haɗa mutum 30 biyu-biyu, za a sami haɗi 435. Wanda ya ɗauki 435 ɗin a matsayin shaidu masu zaman kansu ya ruɗi kansa, domin kowane mutum yana cikin 29 daga ciki. Mutum ɗaya mai faran-faran ya isa ya ɗaga layi 29 a tare. Lissafin ƙididdiga na yau da kullum zai ba ka tabbacin da ba ka da shi. A yi amfani da hanyar lissafi ta QAP, wadda ke gauraya sunayen ɗigogi sau dubbai ta kwatanta, ko hanyar ERGM da ke cikin manhajar statnet idan ana son sanin abin da ke haifar da layi.

Kwatanta cunkoson raga biyu masu girma daban shi ma kuskure ne da ake gani kullum. Cunkoso shi ne yawan layukan da ke akwai bisa yawan waɗanda za su iya kasancewa. A ce kowa yana da aboki 10. A rukunin mutum 30 cunkoso zai zama 10 bisa 29, wato kusan 0.34. A rukunin mutum 300 zai zama kusan 0.03. Ba wanda ya rasa aboki ko ɗaya, amma takarda za ta ce zumunci ya ragu sau goma. Kwatanta matsakaicin yawan abokai ya fi. Haka kuma idan ka mai da zama a zaure ɗaya ya zama layi, zauren WhatsApp mai mutum 200 shi kaɗai zai zubo maka layi 19,900, ya binne duk ƙananan zaurukan da ake ainihin hira a cikinsu. Ko dai ka bar ragar da ɗigo iri biyu, mutane da zauruka, ko ka rage nauyin layi gwargwadon girman zauren.

Ma'aunan matsayi, wato masu nuna muhimmancin ɗigo a raga, kowanne da zaton da aka gina shi a kai, kamar yadda Stephen Borgatti ya fayyace a 2005. Ma'aunin zama gada yana ɗauka cewa abu yana bin hanya mafi gajarta, alhali jita-jita ba ta san hanya mafi gajarta ba, yawo take yi. Fara tambayar me ke gudana a ragar, kuɗi ne, cuta ce, ko labari, sannan ka zaɓi ma'auni ɗaya ko biyu. Lissafa guda goma a zaɓi wanda ya ba da sakamako mai daɗi ba bincike ba ne.

Manhajojin gano rukuni kuwa ba sa taɓa cewa babu. Ba wa Louvain, ɗaya daga cikinsu, ragar da aka haɗa da ƙuri'a zalla, zai raba maka ita gida-gida. Sake kunna shi a kan bayanai ɗaya, rabon zai iya sauyawa. Fortunato da Barthélemy sun nuna a 2007 cewa ma'aunin da Louvain ke bi yana haɗiye ƙananan rukunoni a babbar raga. Raga mai layi miliyan guda tana iya ɓatar da rukunin da layukansa na ciki 'yan ɗaruruwa ne. Yi amfani da Leiden, wanda ya fito a 2019 don gyara wasu lahanin Louvain, ka kunna shi sau 100, ka riƙe mutanen da suke faɗawa tare a kusan kowane zagaye. Ka kwatanta da ragar da aka gauraya layukanta amma kowa ya riƙe yawan abokansa. Kafin ka raɗa wa rukuni suna, karanta abin da mutum 30 daga cikinsa suka rubuta. Hoton kansa kuma ba taswira ba ne: sama da ƙasa, dama da hagu, ba su da ma'ana a ForceAtlas2, tsarin jera ɗigogi da ke cikin Gephi.

Idan aikin ya haɗa da tantance abin da saƙo ke nufi, manhajar auna yabo da suka ba ta gane gatse, ba ta gane habaici, tana kuma rikicewa idan an gauraya harsuna. A sa mutum biyu su tantance saƙo 300 kowa shi kaɗai, a auna dacewarsu da ma'aunin Krippendorff. Ƙasa da 0.67 ba a gina komai a kai, 0.80 ake nema.

Goge suna ba ya ɓoye mutum

A 2008 wasu masana suka saki bayanan Facebook na ɗalibai kusan 1,700 na wata jami'ar Amurka bayan sun cire sunaye. Cikin 'yan kwanaki aka gano Harvard ce, daga irin darussan da ke cikin bayanan, kuma ɗalibin da shi kaɗai ne ɗan ƙasarsu a ajin ba shi da wurin ɓuya. A 2009 Narayanan da Shmatikov suka nuna cewa siffar raga ita kanta shaida ce: da suka ɗora ragar Flickr, kafar wallafa hotuna, a kan ragar Twitter da aka goge wa sunaye, sun gano kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ke da shafi a duka biyun. Gwajin da aka yi wa mutum 689,003 a Facebook a Janairun 2012, inda aka rage musu saƙonnin farin ciki ko na baƙin ciki ba da saninsu ba, ya tayar da ƙura sosai da aka wallafa shi a 2014. Cewa abu a fili yake ba izini ba ne.

Binciken raga yana da wata matsala tasa ta daban: wanda ya amsa tambayarka ya yarda, amma mutum biyar da ya ambata ba wanda ya tambaye su. A ƙaramar ma'aikata kuma, hoto marar suna ba ya ɓoye kowa. Shugaba zai kalli ɗigon da ke gefe shi kaɗai ya san ko wane ne. Kada a miƙa wa hukumar wuri hoton ɗaiɗaikun mutane, a ba ta na sashe-sashe, a kuma faɗa wa masu amsa tun farko wa zai ga me. Sunaye a mai da su lambobi tun ranar da aka shigar da bayanai, takardar da ta haɗa suna da lamba a kulle ta a wata na'ura daban, a goge ta idan an gama zagayen ƙarshe. Rukunin da bai kai mutum goma ba a haɗe shi da wani kafin a buga jadawali. Saƙon mutumin da ba sananne ba kuwa kada a kwafe shi kalma da kalma a cikin rahoto, domin duk wanda ya liƙa jimlar a injin nema zai kai ga mai ita. A sake faɗinta da wasu kalmomi, a gwada nemanta a ga ba ta fito ba, sannan a rubuta a sashen hanyar bincike cewa an yi hakan.